Amelia Earhart: Matuƙiyar Da Ta Yi Ta Kira Ba Ta Jin Amsa

 

In Allah Ya taɓa nufin ki da sauke farali, ko kika taɓa raka maigida wata tafiya a jirgin sama, wataƙila kin leƙa ta 'yar tagar nan cikin dare kin ga ba komai sai duhu. Ba titi, ba allo, ba wanda za a tsaya a tambaya. Amma ga shi an tashi daga Kano, bayan sa'o'i huɗu zuwa biyar sai ki ji ana cewa a ɗaura bel, an iso Jidda. Shin kin taɓa tambayar kanki yaya matuƙin ke gane hanya? To, sararin sama ma da hanyoyinsa, kuma da rediyo aka shata su. Kafin abin ya kankama an yi asarar rayuka da dama. Yau za mu kawo miki tarihin wata Ba'amurkiya, Amelia Earhart, wadda ta rayu a daidai lokacin da ake shata waɗannan hanyoyi, ta kuma rasa ranta a inda hanyar ba ta kai ba. Ba Musulma ba ce, kuma ba duk abin da ta yi ne za mu ce ki ɗauka ba. Sai dai malamai sun sha faɗa mana cewa hikima ɓatattun kayan mumini ce, duk inda ya gan ta sai ya tsince abinsa.

Ƙuruciyarta

An haifi Amelia ranar 24 ga Yuli, 1897, a garin Atchison da ke jihar Kansas ta Amurka. Mahaifinta Edwin lauya ne mai yi wa kamfanonin jirgin ƙasa aiki, mahaifiyarta Amy kuwa 'yar gidan rufin asiri ce, ubanta tsohon alƙali ne. Su biyu ne suka tashi a gidan, ita da ƙanwarta Muriel. Gida yana zaman lafiya sai giya ta shigo. Uban ya zama mashayi har ya rasa aikinsa, iyali suka shiga yawo daga wannan gari zuwa wancan, yau makaranta nan gobe can. A ƙarshe dai auren ya mutu a 1924. Kin ga uwar laifuffuka ba ta bar gidan kowa ba, ko a ina yake.

A ƙarshen 1917 Amelia ta kai wa ƙanwarta ziyara a birnin Toronto na Kanada, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Nan ta ga sojojin da aka dawo da su daga fagen fama, wasu ba ƙafa, wasu ba ido. Tausayi ya kama ta, ta ajiye karatu ta shiga aikin taimaka wa masu jinya a wani asibitin soja. Da annobar murar nan ta 1918 ta zo, ita ma ta kamu, ta bar mata ciwon kafofin hanci da ya yi ta damun ta har ƙarshen rayuwarta.

Ranar 28 ga Disamba, 1920, a jihar Kalifoniya, aka biya dala 10 wani matuƙi ya ɗaga da ita sama na minti goma. Shi ke nan, zuciya ta tafi. Ta yi tuƙin babbar mota, ta yi ɗaukar hoto, ta yi aiki a kamfanin tarho, duk don ta tara kuɗin koyon tuƙi. Wadda ta koya mata ma mace ce, Neta Snook. A 1922 ta hau sama har ƙafa 14,000, a 1923 kuma ta sami lasin. Daga nan kuɗi suka ƙare, ta sayar da ɗan jirginta ruwan ɗorawa, ta koma Boston ta kama aikin kula da baƙin haure da 'ya'yansu, cikinsu har da mutanen Sham.

Yadda ake gane hanya a wancan zamani

Bari mu ɗan ajiye Amelia tukuna, don ba za ki fahimci ƙarshenta ba sai kin san wannan.

Matuƙan farko da ido suke tafiya. Su bi layin dogo, su bi kogi, in sun rikice su sauko ƙasa-ƙasa su karanta sunan gari a jikin tashar jirgin ƙasa. A 1920 Amurka ta fara kai wasiƙu ta sama daga gabas har yammacin ƙasar, amma da dare ya yi sai a sauke buhunan a zuba a jirgin ƙasa, don ba mai iya tashi cikin duhu. Daga 1923 sai aka fara kafa dogayen hasumiyoyi masu fitila mai juyawa, kusan kowane mil 10, daga baya aka riƙa zuba wata ƙatuwar kibiya ta siminti a gindinsu, a shafe ta da fenti ruwan ɗorawa, tana nuna inda hasumiya ta gaba take. Zuwa 1933 an kafa irin waɗannan fitilu kimanin 1,500. Sai dai ke ma kin san halin hazo. Ranar da ya sauko, ko fitilar maƙwabta ba kya gani, balle ta mil goma.

Saboda haka a ƙarshen shekarun 1920 aka koma ga kunne. Aka kafa tashoshin rediyo a kan hanyoyin, kowace tana aika haruffa biyu cikin harshen tangaraho da ake kira Morse. A wani ɓangare tana aika harafin A, wato gajeren ƙara sannan dogo. A ɗaya ɓangaren tana aika N, dogon ƙara sannan gajere. Matuƙi na sanye da abin saurare a kunne. In ya karkata gefe guda sai ya ji A, in ya karkata ɗaya gefen ya ji N, in kuwa yana tsakiyar hanya sosai sai haruffan biyu su haɗe su zama ƙara guda miƙaƙƙe ba yankewa. Wannan ƙaran zai yi ta bi, sa'a bayan sa'a, har ya isa. Ranar 24 ga Satumba, 1929, wani soja mai suna Jimmy Doolittle ya tashi, ya zaga, ya sauka, alhali an lulluɓe mazauninsa ba ya ganin waje, da na'urori da rediyo kawai.

Wannan duk a kan tudu ne. A kan teku fa, inda ba wurin kafa hasumiya? Nan dabara biyu ce. Ta farko ita ce ta kakanni, auna rana da taurari, waɗanda Allah Ya ambata a Suratun Nahli cikin alamomin da matafiya ke shiryuwa da su. Ta biyu kuwa kin san ta a tsakar gidanki. Ba kin lura in kika juya 'yar rediyonki muryar kan ƙaru ta wani gefe, ta dushe ta wani ba? To haka aka ƙera wata eriya mai kamar zobe a saman jirgi. Matuƙi zai yi ta juya ta har ya kai inda ƙaran ya mutu, daga nan ya san ta wace fuska tashar take. Amma da sharaɗi. Na'urar ta fi aiki a dogon zango da matsakaici, a gajeren zango ba ta da tabbas, kuma dole mai aikawa ya daɗe yana aikawa kafin a auna shi. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Suna ya fito

A watan Yunin 1928 aka nemi macen da za a ƙetare Tekun Atlantika da ita, aka zaɓi Amelia. Maza biyu ne suka tuƙa, ita tana zaune tana rubuta abin da ke gudana, suka yi sa'o'i 20 da minti 40 daga yankin da yake cikin Kanada a yau zuwa Birtaniya. Duniya ta ɗauka da yabo, amma ita abin bai yi mata daɗi ba, don ta san ɗauko ta aka yi kamar kaya. Ta ƙudura sai ta yi da hannunta.

A 1929 wani sabon kamfanin jiragen fasinja ya ɗauke ta aiki, aikinta shi ne ta kwantar wa mata hankali, domin an lura matan aure da yawa ba sa yarda mazansu su hau jirgi, balle su da kansu. A shekarar ce kuma mata matuƙa suka kafa ƙungiyarsu da mutum 99, ta zama shugabarta ta farko a 1931. Ranar 7 ga Fabrairun 1931 ɗin ta auri George Putnam, mai kamfanin buga littattafai, wanda yake da 'ya'ya maza biyu daga aurensa na fari. Ta ci gaba da amsa sunan gidan ubanta, abin da Amurkawa suka ɗauka wani sabon abu, alhali mu Musulunci ya daɗe da bar wa mace nasabarta. Wani halinta na kirki kuma, tun da ta fara samu ba ta yar da mahaifiyarta ba, tana yi mata aike a kai a kai.

Ranar 20 ga Mayu, 1932, ta tashi ita kaɗai daga yankin da yake cikin Kanada a yau. Cikin dare na'urar da ke nuna mata nisanta da ƙasa ta lalace, ƙanƙara ta daskare a fukafukai, wuta na lasowa ta wata tsaga a bututun hayaƙin injin. Haka ta daure sa'o'i 14 da minti 56. Paris ta nufa, amma a wata makiyaya ta sauka a Ailan ta Arewa. Ita ce mace ta farko da ta ƙetare Atlantika ita kaɗai. A Janairun 1935 kuma ta taso daga Honolulu zuwa Kalifoniya, nan ma ita kaɗai, da rediyon da take magana da mutanen ƙasa.

Tafiyar zagaya duniya

A 1935 Jami'ar Purdue ta ɗauke ta tana ba ɗalibai mata shawara kan sana'a, kuma ta hanyar jami'ar aka haɗa kuɗin da ta sayi sabon jirgi mai inji biyu, ƙirar Lockheed Electra, a 1936. Burinta ta zagaya duniya ta tsakiyarta, inda ta fi faɗi, tafiyar mil 29,000.

Gwajin farko bai yi ba. Ranar 20 ga Maris, 1937, jirgin ya ƙwace wajen tashi a Hawai ya lalace. Ba wanda ya ji ciwo, amma an yi wata asara da ba a lura da girmanta ba a lokacin. Cikin abokan tafiyar akwai Harry Manning, kyaftin ɗin jirgin ruwa, shi ne wanda ya iya Morse ya kuma san rediyo, sai ya janye daga tafiyar. Aka bar ta da Fred Noonan. Shi Noonan jagaba ne na gaske, gwanin auna taurari, yana cikin waɗanda suka shata wa kamfanin Pan American hanyarsa ta Tekun Fasifik a 1935. Amma daga shi har ita ba mai iya karanta Morse da sauri. Bayan haka kuma, da aka gyara jirgin sai aka bar wata doguwar eriya ta waya mai ƙafa 250, wadda akan warware ta tana jan iska a bayan jirgi. Warware ta da naɗe ta wahala ne, ga nauyi. Sai dai ita ce ke ba da damar aikawa sosai a kan kilohaz 500, zangon da jiragen ruwa ke iya auna mutum da shi.

Suka bar Miami ranar 1 ga Yuni, 1937, wannan karon suka fuskanci gabas. Suka bi ta Barazil, suka ƙetare teku suka sauka Saint-Louis a Sanagal, sannan Dakar. Daga nan sai Gao a Mali ta yau, sai Fort-Lamy, wato Njamena, tafiyar kusan mil 1,000 da ta ratsa samaniyar ƙasar Nijar. Daga Fort-Lamy sai Alfashir, sai Kartum, sai gaɓar Bahar Maliya. 'Yar'uwa, kin gane hanyar? Ita ce dai wadda kakanninmu alhazai suke bi a ƙasa, wani ya yi wata da watanni, wani shekara da shekaru, wani ma ya zauna can har zuriyarsa na Sudan yau. Abin da ke tsakanin Fort-Lamy da Kartum su cikin kwana biyu suka shafe shi. Shekara guda kafin nan, a 1936, jiragen Ingila suka fara zirga-zirga a wannan hanya tsakanin Kartum da Kano.

Suka wuce Karachi, Kalkata, Singafo, arewacin Ostareliya, suka isa garin Lae a tsibirin Niyu Gini ranar 29 ga Yuni. Sun ci mil 22,000, saura 7,000, amma duk ruwa ne.

Safiyar Howland

Zango na gaba wani ɗan tsibiri ne, Howland, mil 2,556 daga Lae. Tsawonsa bai fi kilomita biyu da 'yan kai ba, faɗinsa bai kai kilomita ɗaya ba, kuma shafe yake da ruwa, ba tudu ba dogon itace. Kamar a ce ki nemo ƙwayar gero a cikin rairayi. Lissafin taurari zai iya kawo su kusa, amma ƙarasawar sai da rediyo. Don haka gwamnatin Amurka ta ajiye wani jirgin ruwa mai suna Itasca a bakin tsibirin, ya jira su ya yi musu jagora.

Ana gobe za su tashi ta ɗan ɗaga ta gwada eriyar zoben a Lae. Ba ta sami inda ƙaran ke mutuwa ba, sai ta ɗauka don tana kusa da tashar ne, aka bar maganar a haka. Ranar 2 ga Yuli da ƙarfe 10 na safe suka tashi da mai galan 1,100.

Suka yini suka kwana a sama. Da asuba mutanen Itasca suka fara jin muryarta sosai. Ƙarfe 6:14 ta sanar da su tana kimanin mil 200, ta nemi su auna ta, ta yi fito a makirfo. To amma a kan kilohaz 3105 take magana, na'urar jirgin ruwan kuwa ba ta iya auna wannan zango. Akwai wata ta aro da aka kafa a kan tsibirin wadda za ta iya, sai dai an bar ta a kunne tun dare batirinta ya yi sanyi, ga shi kuma Amelia ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi take kashewa. Suka yi ta roƙon ta ta koma kilohaz 500, ba su san ta bar eriyar ba. Suka yi ta buga mata Morse, ba su san ba mai karantawa ba. Suka yi ta kiran ta da baki, ba ta ji. Hatta agogo bai zo ɗaya ba, don lissafin lokacin jirgin ruwan ya saɓa da nata da rabin sa'a ban da cikakkun sa'o'i, abin da ya ƙara dagula lokutan da aka tsara na magana da na saurare.

Ƙarfe 7:42 muryarta ta fito da ƙarfi ƙwarai. Ta shaida musu a lissafinta ta iso kansu amma ba ta ganin su, mai ya yi ƙasa, kuma ta kasa samun su a rediyo. Wajen ƙarfe 8 ta nemi su aika mata a kan kilohaz 7500. Suka aika harafin A, ta ji, kuma wannan ne kaɗai karon da ta tabbatar ta ji su. Ta juya zoben, ƙara bai mutu ba, domin gajeren zango ne, ya fi ƙarfin na'urarta. Itasca ta turnuƙe sama da baƙin hayaƙi ko za su hango. Ƙarfe 8:43 ta ce suna kan layin 157 da 337, suna bin sa arewa da kudu. Wannan layi Noonan ya fitar daga awon fitowar rana. Ya san tsibirin na kan layin, bai san ko yana gabansu ko yana bayansu ba. Daga nan ba a sake ji daga gare su ba.

Jiragen ruwa da na sama na sojan Amurka suka yi fiye da mako biyu suna nema, aka kashe kimanin dala miliyan 4, ba a ga ko ƙyalle ba. Saura kwana 22 ta cika shekara 40. Mijinta ya ci gaba da nema da kuɗinsa, har ranar 5 ga Janairu, 1939, kotu ta yanke cewa ta mutu. Noonan ya bar amarya, wata uku da ɗaura musu aure. Mahaifiyar Amelia ta rayu har 1962, ba gawa ba kabari. Mafi yawan masana na ganin mai ne ya ƙare suka faɗa teku kusa da Howland, wasu kuma na cewa sun sauka a wani tsibirin da ake kira Nikumaroro suka mutu a can. A Janairun 2024 wani kamfani ya nuna hoton wani abu a ƙarƙashin teku mai kama da jirgi, kafin shekarar ta ƙare aka gano dutse ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kawo sababbin tashoshi da ke nuna wa matuƙi hanya da allura a gabansa, aka huta da sauraren A da N. A 1995 tsarin taurarin ɗan'adam na GPS ya kammala, shi ma saƙon rediyo ne, daga sama yake saukowa. Abin da Amelia ta nema da ranta a safiyar nan, yau yana cikin wayar da ke hannunki.

Abin da za mu ɗauka

Mun yi imani ajali ba ya jinkiri, kuma kowa da inda aka rubuta ƙasarsa. Amma an umurce mu da riƙo da sababi, kamar yadda aka umurci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah. Amelia ba ta rasa zuciya ba, ba ta rasa jirgi mai kyau ba. Abin da ta raina shi ne 'yar na'urar da ke gefenta, wadda 'yan makonni za su ishe ta ta ƙware a kanta. Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sau nawa muke haka? A ba yaro magani ba a tambayi adadi ba, a sa hannu a takardar bashi ko ta gado ba a karanta ba, a tafi Hajji ba a zauna an koyi hukunce-hukuncensa ba, wai ai za a bi mutane. In kin gwada abu kin ga bai yi daidai ba, kamar yadda ta gani a Lae, kada ki ƙirƙira masa uzuri ki wuce. Matambayi ba ya ɓata.

Sannan ki dubi safiyar nan da kyau. Ita tana kira da gaskiyarta, su ma suna amsawa da gaskiyarsu, kowa na son a haɗu, amma ba a zauna tun farko an daidaita zangon da za a yi magana a kai ba. Gidaje nawa ne suke haka, uwargida? Ke kina faɗa ta inda maigida ba ya ji, shi yana amsawa ta inda ba kya saurare, har mai ya ƙare. Tun ana ƙasa ake daidaita irin wannan, lokacin da rai ke kwance, ki san yadda yake fahimta, shi ma ya san yadda kike fahimta. Haka tsakaninki da 'ya'yanki, musamman 'yan mata masu tasowa.

Kuma in 'yarki ta nuna sha'awar lissafi ko kimiyya, kada ki kashe mata gwiwa. Ki tsaya mata ta koya cikin mutunci da suturarta, ta kuma koya har ƙarshe, kada ta tsaya a rabi.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya sa mu cika da imani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.